Rumfar Bakin Ƙofa

A kasuwar Sabon Gari babana ya bar mini rumfa,
layi na huɗu, bayan masu robobi,
inda mai saye ba ya leƙowa sai in ya ɓata hanya.
Rumfar bakin ƙofa kuwa ta gidan su Tukur ce
tun ban san kaina ba.
Kowa ya san gurbinsa, kowa ya kwana lafiya.

Bana na kai hajata kasuwar cikin waya:
fitilar sola, mai ƙwai uku, mai cajin waya a gindi.
Mu goma sha ɗaya ne a kan hoto ɗaya,
kwali iri ɗaya, dila ɗaya a Kano,
amma maɓallin guda ne, ruwan lemo,
an rubuta masa: Saya.
Wanda sunansa ya hau ƙarƙashinsa shi ne mai shago.
Sauranmu an tara mu bayan labule
cikin ƙaramin rubutun da yatsa ba ya kaiwa.

Wa ke rabon gurbin?
Ba sarkin kasuwa ba ne, balle in kai gaisuwa.
Wani ma'auni ne marar kunne,
yana ƙirga taurarina, yana ƙirga kwanakin aike,
yana riƙe da matar Gusau da ta maido mini kaya
don kwalin ya lotse a bayan mota.
Ni na yafe, shi bai manta ba.

Ran Talata na hau.
Awa biyar waya na kuka kamar gidan suna,
bakwai, takwas, tara,
har na aiki yaro Fizet ya sayo tsire.
Kafin tsiren ya huce an sauke ni.
Wani shago, wai shi Haske Biyu, ya rage naira goma.
Na rage ashirin.
Ya rage talatin.
Ƙarfe biyun dare ina bakin katifa
ina yanka ribata siriri-siriri kamar mai kilishi.
Maman yara ta juyo: da wa kake faɗa?
Na ce ban san shi ba,
amma shi ma idonsa biyu.

Mako uku muna haka.

Sai wata Alhamis a ofishin aike na Kwangila,
ina layi da kwalayena shida,
na ga irinsu sak a gaban wata mata,
an manna musu takarda: Haske Biyu.
Barira sunanta, tana koyar da lissafi a Samaru,
akwai alli a bakin mayafinta,
idanunta jajur kamar nawa.
Ta duba takardata, ta dube ni.
Au, kai ne ka hana ni barci?

Dariya muka yi, irin wadda ba ta kai ciki.
Ta zaro biro, ta juya bayan rasit:
cire kuɗin dila, cire mota, cire kamashon kasuwa,
saura naira saba'in kan kowace fitila.
Ko Keke ba zai kai ta Samaru a haka ba.
Kamashon ne kawai bai rame ba, in ji ta,
kura da shan bugu.
Ban ƙarasa mata ba, ta san sauran.

Muna nan tsaye wayoyinmu suka yi ƙara tare.
Ba ciniki ba ne.
Wani shago daga Anacha ya hau maɓallin,
farashinsa ƙasa da yadda muke sarowa.

Isyaku mai awo ya ce, na gaba.
Na sunkuya na ɗaga mata kwali biyu,
ta riƙe mini gurbina a layi.